Ƙasar Yaɓe da Rawar Maguy Marin

A gidan kakana ba a jiran hadari ya haɗu kafin a tuna da yaɓe. Da zarar bazara ta kama, zafi ya fara dukan ƙeya, sai tsohon ya ɗauki sandarsa ya zagaya gida yana ƙwanƙwasa katanga. Inda ya ji amo irin na fasasshiyar ƙwarya, sai ya ja layi da tsinin sandar. Washegari jakai su fara sauke ƙasa daga kududdufin bayan gari. A tara ta a ƙofar gida, a buɗe mata rami a tsakiya kamar tuwon da za a zuba wa miya, a kwarara ruwa, a watsa ramno, sannan a ce mu yara da samari mu naɗe wando mu shiga. Mu shida ko bakwai cikin taɓo har ƙwauri, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi don kada ya zame. Ba mai yi mana kiɗa. Amma kafin a yi nisa sai ka ji ƙafafunmu sun daidaita da kansu, ɗagawa ɗaya, saukewa ɗaya, har nishinmu ya zama ɗaya. In mun fito, ƙasar ta bushe a jikinmu ta tsattsage, mu yi fururu, sai uwar mutum ta duba sau biyu kafin ta gane ɗanta.

Na yi shekaru ban tuna da wannan ba, domin gidan ma yanzu bulo ne da siminti. Abin da ya dawo mini da shi bidiyon wani wasan rawa ne daga Faransa. Fage ya yi duhu, haske yana shigowa a hankali. Mutum goma a tsaye, maza da mata, sanye da tsofaffin fararen riguna irin na barci, fuskokinsu da gashinsu da hannayensu duk an shafe da farar laka, ta bushe ta daddare. Aka busa usur. Suka fara tafiya ba tare da ɗaga ƙafa ba, jan ta suke yi a ƙasa, ƙura tana tashi daga jikinsu. Su dunƙule wuri ɗaya kamar tumakin da ruwa ya tarar a fili, su juya tare, su yi nishi tare, su watse, su sake haɗuwa. Ban san lokacin da na ce a fili ba: waɗannan ai daga kwaɓar ƙasa suka fito. Sunan wasan May B, wadda ta tsara shi Maguy Marin, kuma tun 1981 ake yin sa har yau.

Bari in ɗan tsaya a kan sana'ar tata, domin a wurinmu ba kasafai ake raba ta da ta mai rawa ba. A Turai mai taka rawa daban, mai tsara rawa daban, kamar yadda mai miƙa tubali yake daban da magini. Magini yana zaune bisa katanga, ya raba ƙafa kamar mahayin doki, ana cillo masa tubali yana cafewa. Shi ya san inda kowanne zai zauna, inda ƙofa za ta fito, inda za a ɗora azara. Mai tsara rawa haka yake, sai dai tubalansa suna da rai. Shi ke cewa wane ya tsaya nan, wance ta juya bayan taku huɗu, a yi shiru na numfashi uku sannan kowa ya zube. Kuma kamar yadda ba a hawa katanga sai an yi shekaru ana ɗaukar ƙasa a ka, yawancin masu tsara rawa sai sun gama cin wuyarta a jikinsu.

An haifi Maguy Marin ranar 2 ga Yuni, 1951, a Toulouse da ke kudancin Faransa. Iyayenta 'yan Sifaniya ne da suka baro ƙasarsu saboda mulkin Janar Franco. Yaƙin basasar Sifaniya ya ci daga 1936 zuwa 1939, kuma da ɓangaren jamhuriya ya sha kaye, mutane kusan rabin miliyan suka tsallaka duwatsun Pyrénées cikin tsananin sanyin farkon 1939, wani da ƙunshi a ka, wani da akwati a hannu. Toulouse ta zama babbar matattararsu. A cikin irin waɗannan mutane yarinyar ta tashi, mutane masu harshe biyu, waɗanda gidansu na asali yana can inda ba su da halin komawa. Mai karatu ya riƙe maganar akwatin nan, za mu sake gamuwa da shi.

Tun tana ƙarama aka sa ta a makarantar kiɗa da rawa ta birnin, ta koyi bale. Bale rawar fada ce, wadda aka soma tsara ƙa'idojinta sosai a zamanin Sarki Louis na 14, wanda ya kafa mata majalisar masana a 1661. A bale ana son jiki siriri miƙaƙƙe, mace ta tsaya a kan tsinin yatsun ƙafa kamar ba ta da nauyi, kuma kada a ga alamar gajiya a fuska. In da gini ne, shi ne gidan da aka yi wa fulasta da fenti har ba a ganin sawun hannun wanda ya yi aikin. Ba raina ta nake yi ba, wahalar koyonta ta wuce wasa. Marin ta ƙware har ta samu aiki a ƙungiyar bale ta gidan opera na Strasbourg. A 1970 ta ajiye aikin ta koma ɗaliba a Mudra, sabuwar makarantar da Maurice Béjart ya buɗe a Brussels ta ƙasar Beljiyam, inda ake haɗa rawa da wasan kwaikwayo da murya da kiɗa a tukunya ɗaya. A can ta gamu da malamin da ta sha ambata daga baya, makaɗi Fernand Schirren, wanda ke koyar da kari, wato yadda ake yanka lokaci tsakanin bugu da bugu. Makarantar nan ta yi ƙanwa a yankinmu na Afirka ta Yamma: a 1977 aka buɗe Mudra Afrique a Dakar da goyon bayan Shugaba Senghor, aka danƙa ta a hannun Germaine Acogny.

Daga makaranta Marin ta shiga babbar ƙungiyar Béjart, ta yi wasu shekaru tana cikin na gaba-gaba. A 1978 ita da Daniel Ambash suka kafa tasu ƙungiyar, kuma a shekarar ta ci gasar masu tsara rawa ta Bagnolet, wadda a lokacin ita ce ƙofar da sababbin hannu ke bi su fito fili. Lebura ta hau katanga ke nan.

Abin da ta fara nema bayan ta hau ya ba mutane mamaki. Ta shaƙu da rubutun Samuel Beckett, ɗan ƙasar Ailan mazaunin Paris, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1969. Mutanen wasanninsa tsofaffi ne da makafi da guragu da 'yan gararamba marasa wurin kwana, masu jiran wanda ba zai zo ba. An san Beckett da tsanani a kan aikinsa, ba ya yarda a sauya masa tsari. Duk da haka da wannan matashiya da ba ta wuce shekara talatin ba ta rubuta masa wasiƙa, sai ya amsa, ya zauna da ita a Paris, ya ba ta izini, ya kuma ƙarfafa mata gwiwa kada ta ɗaure kanta da kalmominsa. Sunan da ta ba wasan yana da fuska biyu. A kunnen mai jin Turanci yana nufin "wataƙila". Sannan May shi ne sunan da ake kiran mahaifiyar Beckett da shi, B kuma harafin farko na sunan gidansu.

A nan kwatancen ya zauna mini daram. Ginin ƙasa ba ya jiran kayan da za a yo oda daga wata duniya. Abin da kake takawa kullum shi ne kayan aikinka. Marin tana da matasa masu ƙarfi, waɗanda suka yi shekaru suna koyon miƙe wuya da ɗaga ƙafa sama da kai, sai ta binne wannan kyan duka a cikin laka. Ta sa wa wani doro, wani tumbi, wani karkataccen hanci. Motsin da ta ba su kuwa, ba daga fada ta ɗebo shi ba: susa, tari, jan ƙafa, gyara ɗaurin wando, harara, karkarwar sanyi, dariyar da ke ɓarkewa ba dalili ta kuma mutu nan take. Duk wanda ya taɓa bin layin asibiti da asuba, ko ya zauna a tasha ana jiran mota ta cika, ya ga waɗannan motsi da idonsa, ya kuma yi wasu daga ciki. Ba wanda ke kiran su rawa, kamar yadda ba wanda ke kiran ƙasar kududdufi gida.

Aikin yana wurin kwaɓawa. Kakana ba ya yarda a yi yaɓe da ƙasa ranar da aka jiƙa ta. Sai an tattake, an rufe ta ta kwana biyu ko uku ramnon ya ruɓa a ciki, a sake zuba ruwa a sake tattakewa, har ta yi danƙo ta riƙe kanta. Yakan ɗebi curi ya matse a tafin hannu, in ta wargaje ya ce mu koma. Jan ƙafar da ke cikin May B haka aka yi masa. Mai kallo zai ɗauka tsofaffi ne kawai ke tafiyar gajiya, alhali kowane taku a ƙidaye yake, kowane nishi yana da mazauninsa. Akwai dogayen wurare da babu kiɗa ko kaɗan, ƙarar tafin ƙafa a kan daɓen fage ita ce ganga, numfashi shi ne amshi. In ɗaya cikin goman nan ya makara da ƙiftawar ido, kowa a zauren zai ji, kamar yadda ake jin matar da madaɓinta ya saɓa wa na sauran ranar daɓen ɗakin amarya. Darasin Schirren ke nan ya fito a jikin mutanen da aka yi wa kamannin waɗanda ko tsayuwa ba su iya ba. Ni a ganina wannan ya fi tsayuwa a kan yatsa wuya, domin mai rawar dole ya ɓoye ƙwarewarsa yana kuma aiki da ita.

Inda kiɗa ya shigo, an zaɓe shi da hankali. Akwai waƙar Franz Schubert a kan wani tsohon makaɗi mabaraci da ke tsaye cikin ƙanƙara ba mai jefa masa ko anini. Akwai gangunan bikin shekara na garin Binche a Beljiyam, masu zafi, waɗanda ke sa tsofaffin nan zabura kamar an watsa musu barkono. A tsakiyar wasan sai a shigo da kek na murnar zagayowar ranar haihuwa, da kyandir a kai. A fara da fara'a, a yi rabo, kafin ka ankara an koma wawaso, wannan ya fizge na wancan, wancan ya ɓoye nasa a hammata yana waige. Wanda ya taɓa ganin rabon sadaka a ƙofar gidan mai kuɗi ranar Juma'a ba ya bukatar tafinta. Ana kuma ganin wasu daga mutanen Beckett suna gilmawa, makaho da mai yi masa hidima, ubangida yana jan bawansa da igiya a wuya. Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa ita ce, akwai wurin da sha'awar jiki ke taso wa waɗannan bayin Allah a fili, kuma mai kunya irin tamu zai sunkuyar da kai. Ban ga alamar an yi shi don jan hankali ba. An nuna mutum ne da yunwarsa iri-iri, abin tausayi.

Sai ƙarshe, inda akwatin ya dawo. Suna fitowa sanye da tsofaffin kwat da huluna, kowa da akwati ko ƙunshi a hannu. Abin da ke tashi a lokacin muryar wani tsoho ce marar gida, wadda aka ɗauka a Landan a 1971 yana rera 'yar gajeriyar waƙar addini, mawaƙi Gavin Bryars ya yi ta maimaita ta yana ɗora mata kayan kiɗa a hankali. Suna ratsa fage, su kai baki, su taimaki juna sauka, su ɓace, su sake ɓullowa. Duk zagaye sai ka ga sun ragu. A ƙarshe mutum ɗaya ya rage da akwatinsa, haske yana janyewa daga kansa. Maganar baki a wasan duka ba ta wuce 'yar jimla ɗaya da aka ɗauko daga wani wasan Beckett ba, mai zancen ƙarewa. Ba a ambaci Sifaniya ba, ba a ambaci Franco ba. Amma 'yar masu gudun hijira ce ta tsara tafiyar nan, kuma na tabbata duk wanda ya taɓa ganin mutanen da rikici ya koro daga garinsu sun sauka a tasha da tabarma da ƙullin kaya, suna dube-dube ba su san wanda za su tambaya ba, zai gane ta tun daga takun farko.

An fara nuna May B a garin Angers cikin Nuwamba 1981, kuma bai samu karɓuwa nan take ba. Mutane sun biya kuɗi don su ga kyawawan jikuna suna shawagi, sai aka kawo musu tsofaffi masu ƙura. Wasu suka tashi suka fita. Na san irin wannan kallo. Shi ne kallon da ɗan birni ke yi wa gidan ƙasa, ya ga talauci kawai, bai san cewa a tsakiyar zafin Afrilu mai soron ƙasa yana barcin rana mai gidan kwano yana fifita ba. Sannu a hankali labari ya sauya. Yau an yi wasan fiye da sau 700 a ƙasashe masu yawa, kuma ana lissafa shi cikin ginshiƙan rawar zamani ta Faransa.

Shekarun da suka biyo baya na samun sarari ne. A 1984, zamanin da Jack Lang yake ministan al'adu, gwamnatin Faransa ta fito da tsarin cibiyoyin tsara rawa na ƙasa, inda gwamnatin tsakiya da ta yanki da ta gari ke haɗa kuɗi su ba mai tsara rawa ɗakin aiki da albashin ma'aikata. Yau akwai irinsu 19. Marin ta shugabanci ta Créteil, a gefen Paris, daga 1985. A shekarar ce ta tsara wa ƙungiyar bale ta opera ta Lyon wasan Cendrillon, tatsuniyar marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa, 'yar'uwar tatsuniyarmu ta 'yar bora. Ta rufe fuskokin masu rawar da fuskar 'yar tsana, ta mai da fagen gidan wasan yara mai hawa uku. Wasan ya zaga duniya har Amurka. A 1989 ta yi Groosland a ƙasar Holan, inda ta cusa wa 'yan bale kayan da suka mai da su masu ƙiba, suna rawa da kiɗan Bach cikin nishaɗi. Hannun dai ɗaya ne: a rufe jikin da aka saba yabo, a ga abin da ya rage na mutum.

Magini na gari ba ya gina wa mutane gida ya koma wata unguwa ya kwana. A cikinsu yake, in katangar da ya yi ta faɗi shi za a fara buga wa ƙofa. Wannan hali na ga Marin tana da shi, kuma shi ya sa nake girmama ta fiye da yadda nake girmama gwanintarta. A Yulin 1995 aka yi kisan Srebrenica a Bosniya, inda aka hallaka Musulmi maza da yara samari kimanin 8,000 duniya tana kallo. A watan Agusta ita da Ariane Mnouchkine da Olivier Py da wasu abokan sana'a suka shiga yajin cin abinci na makonni a kusa da Paris, suna neman gwamnatinsu da ƙasashen Yamma su tashi su tsayar da zubar da jinin. Mai rawa ba shi da jari sai jikinsa, shi ta ajiye a kan faifai. A 1998 kuma ta bar Créteil ta koma Rillieux-la-Pape, wani gari a gefen Lyon mai dogayen benaye na masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu 'ya'yan baƙi. Ta kafa sabuwar cibiya a tsakiyar unguwar, aka yi shekara takwas kafin a kammala mata gini na katako, wanda Patrick Bouchain ya zana, a 2006.

A wannan zama ta yi wasa na biyu da nake so in tsaya a kansa, Umwelt, a 2004. Kalmar Jamusanci ce mai nufin duniyar da ke kewaye da mutum. Wanda ya taɓa zama a cikin zaure da hantsi yana kallon lungu ta ƙofa ya riga ya san tsarinsa. Ba ka ganin mutum sai daidai lokacin da ya gilma ta bakin ƙofar: mai tallan koko, almajiri da kwanonsa, mai kai gawa, ango da abokansa, kowa taku uku ya wuce. A Umwelt an jera dogayen allunan ƙarfe masu sheƙi kamar madubi, da rata a tsakaninsu. Mutum tara suna ɓullowa ta ratar, bibbiyu ko uku-uku, su yi abu ɗaya a lokaci ɗaya su koma: su gatsa tuffa, su ɗora kambin sarauta, su rungumi jariri, su ja wando, su ɗaga bindiga. Iska mai ƙarfi tana kaɗa allunan ba tsayawa. A gaban fage an kwantar da gita uku masu lantarki, wata igiya tana warwarewa daga wannan gefe zuwa wancan tana gogar tsirkiyoyinsu, ƙara tana fita kamar ta injin niƙa. Denis Mariotte, abokin aikinta na shekaru, shi ya haɗa wannan sauti. Kuma duk wanda ya gama da abin hannunsa sai ya jefar da saura gaban fage. Ba wanda ya jefa abu mai yawa. Amma kafin awa ta cika, gaban fagen ya zama bola.

Haka bolar bayan katangarmu ta taru. Ba ranar da wani ya yanke shawarar a yi juji a wurin. Wannan ta zubar da toka, wancan ya jefa leda, har ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo ruwa ya kwanta a gindin katanga ya ci ta. Masu kallo a Faransa da yawa ba su ji daɗin Umwelt ba da farko, wasu sun yi ihu, wasu sun fice suna cewa ba rawa ba ce. Ina ganin abin da ya ɓata musu rai shi ne allunan nan madubi ne.

Ba duk abin da ta gina ne ya kwanta mini ba. A wasu ayyukanta na baya-bayan nan magana ta yi yawa. Wanda ta nuna a bikin Avignon a 2021, da ta ɗora a kan tarihin yaƙin tsoffin Girkawa na Thucydides, karatu da rubuce-rubuce sun fi motsin jiki yawa a cikinsa. Na fahimci dalili: mace ce da ke ganin duniya tana ci da wuta, tana so ta kira masu laifi da sunansu. Amma kakana yakan ce ramno ɗaure ƙasa yake yi, in ya fi ƙasa yawa katanga ba ta ɗaukar azara. Ƙarfin Marin yana inda ta bar ƙafa da numfashi su yi bayani.

A 2011 ta sauka daga shugabancin cibiyar Rillieux da kanta, ta koma ƙungiya mai cin gashin kanta. Ta ɗan zauna a Toulouse, sannan a 2015 ta tare a Sainte-Foy-lès-Lyon, a wani tsohon shagon kafintoci da ta samu tun 1995 ta mai da shi wurin aiki mai suna Ramdam. Sunan ya ba ni sha'awa. A Faransanci ramdam yana nufin hayaniya, kuma asalinsa kalmar Ramadan ce, wadda Faransawa suka ɗauko daga Arewacin Afirka saboda raya dare da suka ga ana yi a watan azumi. Wanda ya taso yana bin 'yan tashe gida-gida bayan shan ruwa ya san irin hayaniyar da ake nufi. A 2016 bikin Biennale na Venice a Italiya ya ba ta Zakin Zinariya saboda aikin rayuwarta, kyautar da Germaine Acogny ma ta samu a 2021.

Yanzu sai maganar yaɓe, wadda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Marubuci in ya gama littafi ya gama, ko ya mutu littafin yana kan kanta. Rawa ba ta da kanta. A jikin mutane take zaune, jiki kuwa yana tsufa, gwiwa tana ciwo, wani ya bar sana'a, wani ya koma ga Mahaliccinsa. Akwai bidiyo, akwai hanyoyin rubuta taku a takarda, amma hoton gida ba ya tare ruwan sama. Waɗanda suka fara yin May B a 1981 matasa ne da aka yi wa kwalliyar tsufa, yau tsufan ya zo musu da gaske. Dalilin da ya sa wasan bai zama kango ba shi ne, duk bayan 'yan shekaru ana kwaɓa sabuwar ƙasa. Tsohon hannu ya tsaya kusa da sabo, ya nuna masa yadda ake sauke kafaɗa, inda ake riƙe numfashi, yadda ake jin na kusa ba tare da an kalle shi ba. Sabon yaɓe yana hawa kan tsoho, siffar gidan ba ta sauya ba, amma sawun yatsun da ke jikin katangar na masu aikin bana ne.

Misalin da ya fi taɓa ni daga Barazil ya zo. Cikin waɗanda suka yi wasan farko akwai wata 'yar ƙasar, Lia Rodrigues. Ta koma gida ta zama babbar mai tsara rawa, ta kafa makaranta a Maré, ɗaya daga manyan unguwannin talakawa na Rio de Janeiro. Bayan shekara talatin da ɗoriya, Marin ta ba ɗaliban makarantar May B, aka koya musu shi taku-taku, suka shafa lakar, suka zo Faransa suka nuna shi a 2018. Ɗan Marin, David Mambouch, ya ɗauki wani ɓangare na wannan aiki a fim ɗin da ya yi a kan rayuwarta, wanda ya fito a 2019. Yaran Maré ba su san sanyin duwatsun Pyrénées ba, amma ba sai an koya musu yadda ake riƙe akwati a tsaya ana jiran abin da ba tabbas ba.

Gidan da ke maƙwabtaka da na kakana ya fi namu kyau, yana da zankwaye da zane a fuskar zaure. Da mai gidan ya rasu 'ya'yansa suka watse birane, aka yi damina uku ba a yi masa yaɓe ba. A ta huɗu soron ya rufta. Waƙoƙin da mata ke yi ranar daɓe ma haka suka tafi a unguwarmu, tun da siminti ya shigo aka jingine madaɓi. Na iya tuna amonsu, amma na nemi wadda za ta rera mini su daga farko zuwa ƙarshe ban samu ba.

Mai karatu, in kana da intanet ka nemi May B, akwai guntayensa a can. Ka ba shi minti goma na farko ba tare da gaggawa ba. Kada ka tsaya a kan fuskokin, ka ƙara sauti ka saurari ƙafafun.